Birkin da Ya Hana Ni Ganin Inna

Muna sallame sallar asuba muka bar Tsafe, ni da maƙwabcina, a 'yar akori-kurar da nake dakon gyaɗa da ita. Saƙo ne ya iso mini daga Bungudu cewa jikin Inna, mahaifiyata, ya tsananta, kuma tana ta kiran sunana. Niyyata in ɗauko ta in kai ta asibitin Gusau.

Motar tana da wani hali da na yi mako uku ina gani: da na taka birki sai ta fizge hagu. To, a shekarar ne aka mayar da tuƙi hannun dama, saboda haka duk wanda na gaya wa a tasha sai ya bushe da dariya, wai hannuna ne ke kewar tsohuwar hanya. Ni kuma, da yake wauta ba ta ƙare mini ba, na yarda.

An kwana ana ruwa, kwalta sai santsi. Gero ya kai gwiwa, manoma sun duƙufa tun kafin rana ta fito. Dab da duwatsun Kwatarkwashi wani jaki ya faɗo titi da kayan itace. Na taka birki da ƙarfi. Motar ta tsallaka titi sukutum, ta kafa kai cikin kwatamin hagu. Allah ya tsare babu mota mai zuwa. Jakin ko waiwaye bai yi ba. Manoma suka ajiye fartanyu suka taru a kanmu, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka fito daga taɓon.

Da rarrafe muka shiga Gusau, muka nufi wani bakanike dattijo a bayan tasha. Na fara yi masa bayanin hannuna, bai ko saurare ni ba. Ya zagaya ya dafa tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, hannunka lahiya lau shike," in ji shi. "Taɓa wagga, ka ji zahi? To taɓa ta dama, sanyi ƙalau. Ta hagu ɗai ka kamawa."

Da ya ɗaga motar ya cire tayar dama, sai ga cikin birkin jage-jage da mai. Wata 'yar roba ce ta tsage, man birki ya jiƙa komai, shi ya sa ɓangaren ba ya riƙewa. Maƙwabcina ya ce mu bar ta nan mu hau ta haya. Na ƙi. Da me zan ɗauko Inna? Ga shi bakaniken ya ce aikin yanzun nan ne.

Ashe robar ce babu. Muka bi shagunan kayan mota kaf, wannan ya ce ta ƙare, wancan ya miƙo wadda ta yi girma. Maƙwabcina ya sayo mana waina ta sisi, ban ci ko ɗaya ba. Sai bayan azahar aka samo ta jikin wata matacciyar mota. Dattijon ya wanke ƙarafan da fetur, ya goge su, ya sa ni ina taka birki yana fitar da iska. Aikin kansa bai kai rabin awa ba.

Mun isa Bungudu da la'asar. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, ga mutane na wanke ƙafafunsu da suka yi jar laka. Na tsayar da motar, na kasa ko buɗe ƙofarta. Yayana ne ya zo ya buɗe mini.

"Mun jira ka har hadari yat taso, dole munka kai ta," ya ce a hankali. "Har azahar, duk motad da taw wuce sai ta ce a duba ko kai na."

Bayan sadakar uku muka juyo Tsafe. Duk inda na taka birki motar tsayawa take cak, ba ta karkata ko'ina, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Na san kwanan Inna ne ya ƙare, ba ni da ja. Abin da na koya shi ne, in abu ya nuna maka ciwonsa, kai shi ga wanda ya san shi, ka rabu da masu raha. Amma wannan ilimin ya zo mini a makare. Ko fuskarta ban gani ba.