Amsar da Goggo Ba Ta Gani Ba

Lokacin da nake da shagon intanet a bayan Kasuwar Libiya da ke Omdurman, ni mai wa'azi ne, sai dai ba na addini ba. Wa'azina a kan manhajojin kyauta ne, waɗanda masu sa kai ke rubutawa su bari a buɗe kowa ya ɗauka. Da yake manyan kamfanonin waje sun toshe wa Sudan kayansu saboda takunkumi, wa'azin ya yi mini daɗin baki. Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta sai na sanar da shi burauzar nan da yake shiga intanet da ita ba ta da ubangida, ta talakawan duniya ce. Mutane su gyaɗa kai don in ƙyale su su duba sakamakon ƙwallo.

Mutum ɗaya ce ta gaskata ni, ƙanwar mahaifina. A Omdurman aka haifi Goggo. Babanta ya baro wani ƙauye a ƙasar Kano zai je hajji da ƙafa, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Wata Juma'a ta shigo shagon, ta ce tunda abin na kowa ne, in tambaye shi garin babanta.

A saman burauzar akwai ɗan akwatin bincike, haɗe da wani ƙaramin inji da bai yi suna ba. Na rubuta sunan ƙauyen. Can ƙasa sai ga wani zauren hira na 'yan ƙauyen mazauna birni, har da hoton masallacinsu. Goggo ta sa na rubuta sallama da sunan kakana. Ba a daɗe ba wani ya amsa: ya san gidan, akwai wata tsohuwa a ciki da ke yawan zancen yayanta da ya tafi gabas bai dawo ba. Zai je gida da babbar sallah ya tambaye ta, mu dawo mu duba. Ranar Goggo ta yi kuka, ni ma idona ya cika.

Sallar da saura watanni. Goggo ta hana ni sake leƙawa, wai naci rashin kunya ne. Mu kuwa a shagunan intanet mukan saita kwamfuta ta goge komai da zarar an kashe ta, saboda abin da samari ke bari a ciki. Ba mai adana adireshi. Me za a yi da adireshi ga akwati? Ka rubuta, ka gangara ƙasa, ka tarar.

Ana cikin haka burauzar ta sabunta kanta. Akwatin yana nan, injin ciki ne ya canza. Wani ƙaton kamfani ya zuba wa gidauniyar masu sa kai da ke kula da burauzar kuɗi don a ɗora nasa injin a gaba, gidauniyar kuma ta fitar da sanarwa mai ladabi cewa hakan zai ƙara mata 'yancin kai. Na karanta, na yarda, har na fassara wa kwastomomi.

Bayan sallah Goggo ta zo da sabon lulluɓi, kamar mai zuwa ganin dangi. Na rubuta sunan ƙauyen. Otal-otal na Kano suka fito, da tikitin jirgi. Kamfanin da ya hana mu sauke kayansa bai ga laifin yi mana talla ba. Na garzaya shafin tsohon injin, ashe tun da jama'a suka daina bi ta kansa ya rufe rumbunsa, yanzu wurin ƙaton yake aro sakamako. Na juya tambayar ta kowace fuska, na gwada wasu injunan, zauren bai fito ba. Haushi ya kama ni, ban ma san wa zan zaga ba.

"Halas, ya isa, ɗana, bar shi," in ji Goggo. "Ba kai ka ce ba shi da ubangida ba?"

Na fara yi mata bayanin yarjejeniya da gidauniya. Ta ɗaga hannu.

"Ni ba wannan ya dame ni ba. Yaron nan ya je, ya tambayi tsohuwar, ya rubuto. Tana can tana jira." Ta gyara lulluɓinta ta miƙe. "Za ta ce jinin yayanta ba su da tarbiyya, an amsa musu sallama sun yi shiru."