Ranar da Na Buɗe Ɗakin Alhaji

A shekarar da ruwa ya ci katangarmu ta gabas, ba a daɗe da sadakar shekarar maigidana Alhaji ba, aka aiko daga Bariyenu ta ƙasar Jugu cewa Yaya ya daina cin abinci, sunana kawai yake kira. Daga ni sai shi muka rage a 'ya'yan uwarmu. Gwiwoyina kuwa sun riga sun ƙi lanƙwasuwa, ba mai iya cusa ni a taksi tsakanin buhunan doya.

Autata ta taso daga Kotonu da motarta, irin wadda ba ta shan esansi, man fetur ke nan, sai kuran, wato wutar lantarki. Ta iso gidanmu a Paraku da la'asar, motar ta ƙarar da abin da ke cikinta. Sai an ba ta kuran za ta kai mu Jugu.

Kun san mutanen unguwarmu Albarika da son taimako. Tela maƙwabcinmu ya zo da ralonj, doguwar wayar nan ta jawo wuta, wani ya kawo nasa, aka haɗa, aka naɗe mahaɗar da leda.

"Hajiya, kekunan ɗinkina duka a kan wannan suke," in ji tela. "Mota ce za ta gagare shi?"

Auta ta ji kunyar manya, ta bari. Kafin in idar da alwala na ji ƙaurin roba. Ta taɓa wayar, ta fizge hannu, ta cire.

Ta ce wa telan, "Baba, mota ba keken ɗinki ba ce. Ja take yi ba hutu. Priz na bango take so, mai waya mai kauri, ita kaɗai a kansa."

Ta zagaye gidan tana duba priz, wuraren nan na jona wuta a bango. Wannan ya yi baƙi, wancan yana rawa. Guda ɗaya ya rage, wanda Alhaji ya sa aka ja wa firigon sanyaya namansa, a ɗakinsa, ƙarƙashin tagar tsakar gida. Tun ranar da aka fitar da gawarsa na kulle ɗakin. 'Ya'yansa maza sun roƙa, malamai sun yi mini nasiha, ban ba kowa makulli ba. Ni ba a tanƙwara ni.

Auta ta durƙusa. "Inna, ba zan matsa miki ba."

Na ce, "Tashi. Alhaji ya samu ɗakinsa inda ya tafi. Mai rai nake nema."

Da hannuna na buɗe. Rigarsa na rataye inda ya bar ta. Ban shiga ba. Auta ce ta zura wayar ta taga.

Motar ta dinga sha kaɗan-kaɗan, kamar mara lafiya da koko. Auta takan je ta ɗora yatsa a kan priz ɗin ta ji ko ya yi zafi. Na ce ta gaggauta ta mana. Ta ce ba a gaggauta ta, sai dai a ƙona gida. Haka muka kwana, ban san ko Yaya zai jira ba.

Ya jira. Da azahar muka shiga Bariyenu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kin yi nauyin ƙafa, 'yar uwa." Ya karɓi ruwa daga hannuna. Ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Telan ma ya rasu bara. Cikin waɗanda suka ga wannan tafiya, saura ni, da Auta, da matar Yaya, wadda idonta ya tafi.