Nei Ruatita da Irin Gwazar da Ya Rage

A da, kafin rana ta yi zafi Nei Ruatita ta riga ta shiga raminta, taɓo har gwiwa, tana cusa ruɓaɓɓen ganye a gindin babai, gwazar nan tamu da ke shekaru kafin ta nuna. Tsibirinmu siriri ne, daga tsakiyarsa kana jin ƙugin teku dama da hagu. Samari sun watse Tarawa, babban birnin ƙasarmu, neman aiki, an bar mu da tsofaffi da shanyar kwakwa.

Shekarar da teku ta yi ambaliya, ruwan gishiri ya cika ramuka, gwazar kowa ta mutu. Tata ce kawai ta ɗan tsira, ita ke nan irin da ya rage mana. Ga jirgin ruwan da ke kawo mana shinkafa ya yi ɓatan dabo, yunwa ta fara leƙo gidaje.

Sai tsoho Ten Baraniko ya zo mata da bubuti, roƙon nan da ba a cewa a'a. Na san in aka cinye wannan, babai ya ƙare a tsibirin.

"Ruatita, na roƙe ki gwaza. Jikokina sun kwana da yunwa."

Ba ta yi musu ba. Ta tono, ta miƙa masa, amma ta yanke kan gwazar, wanda ake dasawa, ta riƙe.

"To ni ma ga nawa bubutin. Na roƙi hannayenka. Ka haƙa sabon rami a tudu, ka dasa wannan."

"Haba, da wannan bayan nawa?"

"Bakinka ai bai tsufa ba. Ɗauki magirbi, malam!"

Ya haƙa yana mita. Duk wanda ya zo roƙo haka ta yi masa, har raminta ya koma fayau.

Ke ce uwar ramuka, Ruatita. Kin ciyar da mu, ba ki bar mu mun cinye gobenmu ba. Yanzu gwiwa ta hana ki shiga taɓo, sai dai ki zauna a bakin rami kina yi mana faɗa, mu kuwa muna so.

Mun gode. Masu shirin tafiya Tarawa, kowa ya dasa nasa kafin ya hau jirgi. A bikin bana gwazar ramin Baraniko aka ci, yana ta cika baki wai shi ya ceto irin. Ruatita ta ce a ƙyale shi, muddin gobe zai koma rami.