Gaisuwar Bong Chilsu ta Biyu

Herim, ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki yi masa kwalliya. Labarin Bong Chilsu zan ba ki, wanda ku kuka tashi kuka sani da Kabewa.

Gidansu na can saman unguwarmu ta kan tudu a Seoul, inda mota ba ta hawa. Ni ke kai musu kwal a baya duk damina da hunturu. Ubansa ya rasu yana shekara huɗu, ginin da suke yi ne ya rufto. Aka bar uwar, 'Yar Yechon, da keken ɗinki da yara biyu: Malsun ce babba, sai shi. Kai gare shi kamar an ɗora tulu a kan kara, shi ya sa yaran unguwa suka sa masa Kabewa.

Uwar ta sami aikin ɗinka wa 'yan wasa kaya a gidan talabijin. Ba mai riƙe mata yaro, sai ta riƙa tafiya da shi, ta zaunar da shi a kan tarin tsumma. Lokacin ba a naɗar komai a ajiye, abin da ka yi shi mutane ke gani nan take. Ranar sabuwar shekara, yaron da zai fito a matsayin jika ya kwanta da ƙyanda. Darakta ya waiwaya, ya ga Chilsu yana tsotsar zare. Aka zura masa riga, aka kifa masa hula, aka ce, "Ka ga tsohon can mai gemu? Ka je ka yi masa babbar gaisuwa, shi ke nan aikinka."

To babbar gaisuwa, yaro a bayan ubansa yake koyonta. Uba ya durƙusa, ɗa ya kalli dugadugansa ya yi yadda ya yi. Chilsu ba shi da dugadugan da zai kalla. Sai ya haɗa hannu a goshi, ya zube da gwiwa biyu lokaci guda, ya ɗaga ƙugu sama, kan nan ya rinjaye shi, ya yi adungure ya faɗa cinyar tsohon. Ya tashi zaune, hula ta rufe masa ido ɗaya, ya ce da gaskiyarsa, "An karɓa?"

Mai riƙe da na'urar ɗauka sai da ya saki hannu don dariya. A unguwarmu talabijin ɗaya ce, ta shagon mai wanzami, mutum arba'in a kanta, har wata tsohuwa ta shaƙe da wainar shinkafa. Da aka tashi, darakta ya tara ma'aikata ya ce, "Duk wanda ya koya wa yaron nan yin ta daidai, a bakin aikinsa." Shekarun Chilsu bakwai a lokacin.

Yara 'yan wasa da yawa, da murya ta buɗe sai a manta da su. Shi ba a manta da shi ba. Daga wasan kwaikwayo aka mai da shi shirin barkwanci na yammacin Asabar, ya daɗe a ciki har waɗanda suka fara da shi suka yi furfura. Ya gaida sarakunan ƙarya, ya gaida janar-janar na ƙarya, ya gaida surukai sun fi ɗari, duk ƙarshenta adungure. Ya iya abinsa kuwa. Wani lokaci zai sunkuya ya tsaya, ya gyara wando, ya sake sunkuyawa, mutane na riƙe da ciki suna jira, sai ya sake su. Fuskarsa na jikin ledar taliya, tana jikin motar bas. Ya sauko da uwarsa daga tudu, ya sa ta a bene mai ruwan zafi.

A gida ne abin ya ci shi. Yana shekara goma sha biyu aka yi tunawa da ubansa a gidan baffansa. An jera tebur, an kunna turare, maza suka yi sahu. Chilsu ya ɗaga hannu zuwa goshi kawai, bai ma sunkuya ba, 'ya'yan baffan suka fashe. Baffan da kansa leɓensa na rawa don danne dariya. Ya ce, "Kai Chilsu, daga yau ka riƙa tsayawa a bakin ƙofa. Ƙanina ba abin wasa ba ne." Haka ya yi ta tsayawa wajen takalma shekara da shekaru, yana jin ƙarar gwiwoyin wasu a kan daɓe.

Ranar aurensa, da aka zo gaida manya, baƙi suka hau tafi suna kiran Kabewa. Ya dubi amarya, ya dubi mutane, ya ba su abin da suka zo gani. Uban amarya bai sake yi masa magana ba. Ita ma shekara uku ta yi ta tafi, ba faɗa ba zagi. Cewa ta yi ta gaji da zama da mutumin da ko kuka yake, maƙwabta sai sun leƙo su ga yadda zai ƙare.

Lokacin ni da kakarki mun buɗe shagon miya. Yakan zo da rana tsaka, bayan mutane sun ragu, ya wuce ɗan lungun da muke ajiye buhunan kabeji, ya zauna yana fuskantar bango. In ya ci a fili, wani zai dafa shi ya ce ya ɗan yi musu sau ɗaya don yaro. Ba ya yawan magana. Ya ci, ya shafa wuya, ya ja hula ya fita.

Uwar ce ke shafa masa magani a wuyan da adungure ya bar wa ciwo. Duk sabuwar shekara zai sa kayan kirki ya tsaya a gabanta, ita kuwa ta kama hannun rigarsa ta ce, "Zauna, na yafe. Miya na hucewa." Tausayinsa take ji, tsoro take kada bakinta ya kufce mata da dariya kamar na kowa. Ya gane haka, bai taɓa musu ba. Sai ga shi mutum ya shekara hamsin da ɗaya, ya kai goshi ƙasa sau dubbai a gaban mutanen da gemunsu na manne ne, bai taɓa kai shi sau ɗaya a gaban matar da ta haife shi ba.

Ta rasu da kaka, ana tsakiyar girbi. Aka kama ɗakin makoki a ƙasan asibiti, kwana uku. Shi kaɗai ne namiji, shi zai tsaya gefen hotonta da ƙyallen makoki a damtse. Duk wanda ya shigo ya yi wa hoto babbar gaisuwa sau biyu, ya juyo su yi ɗaya shi da mai makoki.

Na farko da suka shigo manyan gidan talabijin ne, su huɗu. Suka yi wa hoto tasu lafiya. Suka juyo, Chilsu ya ɗaga hannu, sai kafaɗar ɗayansu ta fara rawa. Ya mai da ita tari, ya fita da hannu a baki. A ɗakin cin abinci aka ji wani yana cewa, "An karɓa?" ƙasa-ƙasa, tebur guda ya ɗauka.

Malsun ta ja shi bayan labule. Ta ce, "Ka ga, kai tsaya kawai ka riƙa gyaɗa wannan kan naka. Mijina zai karɓi gaisuwa."

"Yaya, uwata ce fa."

"Ni a rijiya aka tsinto ni? Ba na son a kai ta ana washe baki. Shekara arba'in tana jin ana dariya ta bango, ya ishe ta."

"Ita fa? Ko ita ba zan yi wa ba?"

Malsun ta gyara masa ƙyallen damtse da ƙarfi kamar mai ɗaure buhu. "Ka iya ne?"

Chilsu ya koma gefen hoton. Yini guda ya yi a tsaye kamar turken wuta, surukinsa na ta sauka yana tashi a gefensa.

Kashegari da hantsi na je. Na yi tawa gaisuwar, na zauna aka kawo mini jar miya. Ban kai cokali uku ba Chilsu ya dafa ni, ya ce, "Kawu, zo ka gani." Ya kai ni wani ɗan ɗaki da ake tara barguna, ya rufe ƙofa, ya jingina da ita.

"Koya mini."

Na ce, "Kai da ka ci abinci da ita?"

"Waccan ta haya ce. Ban taɓa yin ta mutane ba. In na sunkuya, jikina gaba yake tafiya da kansa."

Na ce ya yi in gani. Ya yi, sai da ya dafe bargo da hannu biyu kafin ya tsaya, ƙafa ɗaya ta riga ta bar ƙasa. Na nuna masa. A makoki hannun dama ke bisa na hagu. Gwiwar hagu ta fara sauka, sannan ta dama, ba tare ba. Ka zauna a kan dugaduganka tukuna, ka ji nauyinka ya koma baya, sannan goshi ya bi hannu. In ƙugu na kan dugadugi, ko kanka ya kai na bijimin sa ba za ka kife ba.

Ya ce, "Shi ke nan? Zama a kan dugadugi?"

"Shi ke nan."

Ya kalli ƙafafunsa. Ya ce, "Da Inna ta faɗa mini ai." Sai kuma ya ce, "Da an kore ta daga aiki." Muka yi ta yi har gwiwoyina suka fara ƙara. Wajen na ashirin ya daina karkata.

Rana ta uku da safe aka ɗauke ta a bas, har da ni, zuwa ƙauyensu don a binne ta gefen mijinta, kan wani tudu mai jar ƙasa a bayan gonakin shinkafa. Ƙauyen duka ya fito, har da waɗanda ba su san ta ba. Sun ji Kabewa zai zo. Aka sauke ta, aka zuba ƙasa, aka tattake, aka tayar da tudun kabari. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera 'ya'yan itace da busasshen kifi da ƙoƙon giya. Mijin Malsun ya gyara riga zai shiga, Chilsu ya riga shi taka tabarmar.

Malsun ta ce, "Chilsu."

Bai waiwaya ba. Ya zuba giya, ya ja da baya, ya ɗora dama bisa hagu. Ya ji yadda wurin ya yi tsit, irin shirun da ya sani tun yana yaro, na mutane masu tara numfashi. Hagu ta sauka. Dama ta bi. Ya zauna, ya ji dugadugansa a ƙarƙashinsa, ya miƙa goshi har ya wuce bakin tabarma ya taɓa ƙasa. Bai motsa ba.

Sai wata tsohuwa a baya ta ce wa ta kusa da ita, "Jan rai yake. A ta biyun zai sake ta." Aka yi 'yar dariya, mai taushi, ba ta mugunta ba. Wani ya ɗaga yaro a kafaɗa don ya gani.

Chilsu ya ji. Ya san in ya tashi ya sake ɗaga hannu, ko ya yi daidai ko bai yi ba, tasu ce. Ɗaya kuwa ta masu rai ce, ba a barin mamaci da ɗaya. Sai ya ƙi tashi. Ya bar goshinsa a inda yake.

Aka jira. Yaron da ke kafaɗa ya ce a sauke shi. Tururuwa ta hau hannun Chilsu ta sauka. Wani ya yi gyaran murya, wani ya duba agogo. Can Malsun ta juya ta fuskanci mutane, ta ce, "Abinci na ƙasa, yana sanyi. Wanda ya zo kallo, Asabar da yamma ake yi, kowa na da talabijin a gidansa." Ta buɗe hannuwa ta kora su kamar mai korar agwagi, har mijinta, har masu haƙa. Ni ma na bi su, ban waiwaya ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Chilsu na ji. Ya ce ya saurari takun ƙarshe har ya ɓace, sai ƙarar injin girbi can nesa. Da ya zo tashi ƙafafunsa sun mutu, sai da ya dafa ƙasa ya jira jini ya dawo. Ya miƙe, ya duba hagu da dama. Ba kowa. Ya ɗaga hannu ya yi ta biyun a hankali, ya daɗe a ƙasa, ya faɗa wa uwarsa abin da zai faɗa. Ban tambaye shi ko mene ne ba.

Mun cinye abinci, direba ya tayar da mota ya kashe sau biyu, sannan Chilsu ya sauko daga tudun. Ya shiga ya wuce kujerar ƙarshe. Malsun ta tashi daga gefen mijinta, ta bi shi, ta tsaya a kansa tana riƙe da ƙarfen motar.

"Ka yi?"

"Na yi."

"Biyu?"

"Biyu."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

Ta zaro hankici za ta goge masa jar ƙasar da ke goshinsa, ya kau da kai. Ta tsaya kaɗan, ta mai da hankicin aljihu, ta koma wurinta. Har muka shiga Seoul kujerar gefensa ba kowa.