Agogo Ya Ce Casa'in da Takwas

A zagaye na huɗu ne Baba ya zauna a bakin filin ƙwallo, ya ce ƙafa ce ta gaji. Auta ta kama hannunsa na hagu ta duba agogon awon bugun zuciya kamar yadda ta saba: casa'in da takwas. Likita ya ce kada bugun zuciyarsa ya wuce ɗari da goma, ke nan babu laifi. Sai ta lura gumi ya jiƙe masa wuyan riga sharkaf, leɓɓansa sun yi toka-toka. Ta ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa. Abin da ta ji a nan gudu yake, ya yi tuntuɓe, ya sake zabura, har ta kasa ƙirga shi. 

Shekara arba'in da ɗoriya Baba ya yi yana kafinta a shago ɗaya mai ƙofar langa-langa. Rabin gidajen layinsu da ƙofofinsa suke kwana. Mutum ne da bai yarda da awon kowa ba. Ko sabon tef ya saya, sai ya shimfiɗa shi jikin tsohuwar rularsa ta katako ya ga sun yi daidai, sannan ya sa shi aljihu. Kuma bai taɓa kafa ƙofa ta matse ba. Kullum yana barin 'yar tazara, wai katako ma yana son wurin numfashi, in damina ta zo zai kumbura.

Da hawan jini ya kwantar da shi bara, likita ya rubuta masa tafiyar safe. Yaya Babba, da ke aiki a nesa, ya aiko da agogon. Auta kuwa ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, sai 'yan'uwa suka ɗora mata rakiya, tunda ita ce mai digiri kuma ita ce ba ta da wurin zuwa. Mama ta raɗa wa agogon suna Ɗan Sanda. Baba ya raɗa wa Auta Likitar Gida, yana tsokanarta wai ga shi ta samu aiki, albashi ne dai sai a lahira.

Ranar da ta ɗaura masa, ya sassauta maɗaurin da huda biyu, har yatsa yana shiga. Ta ce takardar da ta zo da agogon ta ce a ɗaure sosai. Ya tambaye ta ko mai takardar ya taɓa kafa ƙofa. Suka yi dariya, ta ƙyale shi. Agogon ne kaɗai abin awon da ya shigo hannunsa bai gwada shi da komai ba.

"Ke kika yi karatu," in ji shi. "Abin da ya ce ki faɗa mini."

Yau da safe kuwa, tun a zagaye na biyu ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, su koma gida. Ta duba, ta ga casa'in da shida. Ta ce masa ragwanci ne kawai, Ɗan Sanda bai yarda ba, saura biyu. Ya bi ta.

Wani mai tasi ne ya kai su asibiti. Aka manna wa Baba wayoyi a ƙirji, allon gefen gado ya nuna ɗari da hamsin da wani abu, yana hawa yana sauka. Nas ɗin da ta cire agogon ta miƙa wa Auta, ta yi mata bayani ba tare da faɗa ba. Ta ce koren hasken nan na bayansa da shi yake leƙa jini ta cikin fata. In ya yi sako-sako, hannu yana lilo, gumi ya shiga tsakani, wani lokaci takun ƙafa yake ƙirgawa ya ce zuciya ce. Ta ce yana da amfaninsa, amma in mutum ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, shi ake saurara.

Auta ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta yi ta jira kukan ya zo, bai zo ba.

Da Mama ta iso, mayafi a baibai, ta tambayi ko bai yi wani ƙorafi ba kafin abin ya same shi. Auta ta buɗe baki, Baba ya riga ta daga kan gado.

"Ni na ce mu ƙara zagaye. Kin san halina."

Mama ta ce ai ta sani, taurin kai kamar katakon da yake fafatawa da shi. Baba ya lumshe ido, bai kalli Auta ba.

Yanzu Auta tana zaune a benci a baranda, azahar ta wuce. Bencin yana girgiɗi, ƙafa ɗaya ta gaza, irin aikin da Baba zai yi wa tsaki. Yaya Babba ya kira sau uku, ba ta ɗauka ba. An ɗebi jinin Baba sau biyu, don a gane ko naman zuciyar ya taɓu. Sun ce sai likitan zuciya ya zo ya duba. Har yanzu bai zo ba.