Takardar bangon Djougou

Matso kusa ka ji, don wannan labarin har yau ban saba ba da shi da ƙarfi ba.

A ƙarshen zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya zama kamarad har mai sayar da gawayi, ƙanena yana zaune a gidanmu a unguwar Guéma, cikin Parakou. Shi ya yi boko, ni leƙawa kawai na yi. Yana aiki a wani buro, wato ofis, na awon auduga a nan Parakou, shi ke kula da ordinatarsu, abin da yanzu kuke ce wa kwamfuta. Ban taɓa ganinta ba a lokacin, amma na san ciwonta kamar na 'yar cikina, don kullum a bakin murhuna yake zazzage shi.

Ya ce can cikinta akwai rubutun da ke tashinta, ya nuna mata inda kowace gaɓarta take. Zuciyarta yake ce masa. A cikin zuciyar nan akwai layukan wata tsohuwar na'urar buga takarda da ta mutu tuntuni aka yar. Kowace safiya sai ordinatar ta tsaya neman mamaciyar, wani lokaci ta sandare, masu auduga suna gasuwa a rana.

Na ce, "To ka cire mana."

Ya ce, "Yaya, kayan gwamnati ne fa. In na taɓa ya lalace, sabotaj za su ce, zagon ƙasa."

Wannan kalma kuwa tana kai mutum inda sai an roƙi izini kafin a miƙa masa tuwo.

Amma ya cire. Layi bayan layi, yana cirewa yana gwadawa, har ta riƙa tashi garau. Ya kwafa a faifan disket ya aika wa ƙaramin buronsu na Djougou. Abin da ya manta shi ne takardar da ke manne a bangon can, wadda ta ce da an kunna a buga kalma kaza don tada tsohuwar na'urar. Dattijon da ke aiki can ya bi takardarsa, ya buga, ordinatar ta ce ba ta san zancen ba. Ya naɗe hannu. Motocin auduga daga garin Kolokondé suka yi cirko-cirko a ƙofa, ya aiko wa shef, shugaban buronsu na Parakou, cewa yaron Parakou ya ɓata na'ura.

Shef ya ce wa ƙanena ko ya mayar da layukan, ko sunansa ya hau sama.

Ranar ya dawo bai ko kalli kwano ba. "Ba zan mayar da gawa cikin ɗaki ba, Yaya. Takardar ce ta tsufa, ita zan gyara." Ya rubuta sabuwa, ya tsaya a kan shef har ya buga mata tampo, wato hatimi, shef yana cewa, "In ba ta tashi ba, kamarad, ban san ka ba."

Ni da ko unguwar Titirou nan kusa sai na yi shawara da ƙafata kafin in je, na ɗauki gyale na bi shi Djougou. In za a kama shi, a kama shi a gabana.

Dattijon ya juya sabuwar takardar, ya duba tampon kamar mai sayen goro. Sannan ya kunna, ya bi ta a hankali. Ordinatar ta tashi. Na ji ƙanena ya sauke numfashi.

Ya ce, "Saura a cire tsohuwar, Baba. In ta zauna, ran da ba ka nan wani zai bi ta, a sake kirana ɗan sabotaj."

"Ɗana, tampo ne a jikinta. Ma'aikaci ba ya cire tampo. Kai ka cire."

"Ni ma ma'aikaci ne, Baba."

Suka tsaya suna kallon bango, manyan maza biyu. Na ce, "Baba, ni wa ya ɗauke ni aiki?" Na sa farce na ɓanɓare ta. Dattijon ya ɗaga kai yana duban rufi, ya ce shi dai bai ga komai ba, Hajiya. Ko Makka ban je ba.

A tasha na sa mai ƙosai ta ƙunsa mana a cikin tsohuwar takardar, muka ci a mota, tampon ya jiƙe da mai. Sunan ƙanena bai hau ko'ina ba.

Kai fa, wace takarda ce a bangonka da kake bi har yau, alhali abin da take magana a kai ya daɗe da mutuwa?