Mutumin da Aka Ciro a Taru

A gidanmu ba don sanyi ake hura wuta da maraice ba, don sauro ake hura ta. Duk wanda ya taɓa kwana a Malanville lokacin da kogi ya cika ya san abin da nake faɗi. Da an sallame magariba, kakarmu Hajo, mahaifiyar babanmu, za ta sa a tara mata ƙaiƙayin shinkafa da ɗanyen ganyen dogon yaro a wani tsohon kasko, ta zuba garwashi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Mu jikokinta, mu takwas ko tara, mu zagaye ta muna tari muna hawaye, amma ba mai tashi. Shekarun nan ne aka fara zaɓe a ƙasar, maza suna zaure sun rungume rediyo suna gardama kamar za su daki juna. Mu kam ba ruwanmu, muna da namu rediyon, kuma ba ya cin batir.

Ni take kira mai gidanta, don sunan mijinta na ci. Kullum sai ta tsokane ni kafin ta fara.

"Mai gida, yau ma hannu biyu ka shigo? Kai, na yi dacen miji! Ga ci, ba kawowa."

In aka gama dariya sai ta gyara zama ta ce, "To, ku buɗe ƙofa, ƙarya za ta shigo." Mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma." In ta kai ƙarshe kuma sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Na tattara ƙaryata na jefa kogi, wanda ya kamo tashi ce." Haka take rufe kowace tatsuniya, ta kura, ta gizo, ta ɗiyar sarkin ruwa, duka.

Akwai guda ɗaya da muka fi so, ta mutumin da aka ciro a taru.

Wai wata shekara aka yi yunwa a ƙetaren kogi, irin wadda har tururuwa sai an fasa gidanta an kwashe hatsi. Wani saurayi ya binne uwa, ya binne uba, ya kama hanya har bakin ruwa. Masu jirgi suka dube shi, ba kaya ba guzuri, suka ce jirgi ya cika. Ya yi kwana biyu yana kallon wannan gaɓa tamu, yana hango hayaƙin girki. Rana ta uku ya tsinci wata ƙatuwar gora, ya rungume ta ya faɗa ruwa. Shi kuwa bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Igiyar ruwa ta ɗauke shi, ta ƙwace gorar, ta yi ta juya shi har ta cusa shi cikin tarun wata mata mai bandar kifi.

Nan ne Kaka ke tashi tsaye, duk da ciwon gwiwarta, ta kama tarun da babu shi tana ja tana nishi.

"Matar ga ta ce, yau Allah ya ba ni giwan ruwa! Ta ja, ta ja, ta ja. Sai ga kifi da wando! Ta duba shi sama da ƙasa, ta ce, haba, wanga kifi ko tsokar miya babu gare shi."

Mukan yi ta birgima a tabarma. Matar ta matse masa ciki ruwa ya fita, ta kwantar da shi gefen murhun banda har jikinsa ya yi ɗumi, ta yi ta ba shi romo da ludayi. Ba ta jin Hausa, ba ya jin Dandanci, harshen mutanen wannan gaɓa. Da ya iya tsayuwa, ta ɗora masa kwandon kifi a ka, ta nuna masa hanyar kasuwa da yatsa. A can ya tarar da fatake Hausawa, ya yi musu talla da harshensu, kafin azahar kwando ya ƙare. Daga kwando ɗaya ya koma biyu, daga kifi ya koma gishiri da albasa, har ya kafa gida.

A nan Kaka ba ta kakkaɓe zane. Sai ta zauna, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi jiƙan mai banda. Ku ce amin." Mu ce amin, mu tashi cin tuwo. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Yaro ne ni, kifi mai wando kawai nake ji.

Kaka ta rasu ina aji na ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Babanmu ya riga ta, don haka ƙanensa, Baba Alhaji Ummaru, shi ya riƙe ni, ya kai ni makaranta har na zama malami, shi ya yi mini aure. Ban taɓa ce masa a'a ba, kuma ban taɓa jin ina so in ce ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce muka kafa ƙungiyar tarihin gari. Ba wata babbar aba ba ce: tsofaffin malaman lakwal, wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, masu jirgi biyu, da ni magatakarda. Ran Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji, mu raba unguwanni, mu bi tsofaffi da tarho muna ɗaukar muryarsu, don mu haɗa littafin yadda kowane gida ya zo garin nan. Da muka ga kowa kakansa sarki ne ko malami, sai muka sa doka: ba a rubuta labari sai baki biyu daga gida biyu sun faɗe shi.

Na gidanmu Baba Alhaji ya ba ni shi da kansa. Kakansa Audu ya taso daga ƙasar Kabi da ayarin jakai, kanwa da goro, aka tarbe shi da girma aka ba shi masauki. Na rubuta ina jin kaina ya yi girma. Saura baki na biyu. Na bi gidajen fatake kaf, kowa ya ce, e to, an ce haka, amma shi bai ji daga tsofaffinsa ba.

Ana cikin haka aka tura ni unguwar masunta, wurin wata tsohuwa Safura, don ta ba mu labarin mashigar jirage kafin a yi gada. Tana zaune tana gyaran kifi, tana magana da Dandanci, ina ta rubutu. Can sai ta yi dariya ta ce akwai wani abin ban dariya da aka yi a gidansu tun ba a haife ta ba: wata kakarsu ta taɓa kama Bahaushe a taru. Alƙalamina ya tsaya. Ta kawo gorar, ta kawo romon, ta kawo kwandon kifin. Har maganar tsokar miya sai da ta faɗa.

Na ce, "Inna, mi sunan matar?"

Ta ce sunan ya ɓace mata, su dai kaka suke cewa. "Amma mutanensa suna nan cikin kasuwa, da gidajen sama. Da akwai wata tsohuwarsu da ke zuwa gaishe mu kowace Salla. Tun da ta mutu ba mu ƙara ganin ƙafar kowa ba." Ta ɗago ta dube ni. "Kai ɗan gidan wa?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na faɗa mata. Ta ci gaba da fere kifinta.

Ran Lahadi na kai wa ƙungiya. Shugabanmu, tsohon darektan lakwal, mutum ne mai taurin kai, kuma ina ganin girmansa don haka. Ya ce, "Malam Sani, bakin Safura ɗaya ne. Tatsuniyar kakarka ba shaida ba ce, da bakinta take cewa ƙarya ce." Na ce wannan ɗaya ba ta taɓa ce mata ƙarya ba, addu'a take rufe ta da ita. Ya ce ya ji, amma doka doka ce. In babban gidanmu bai amsa ba, to ba jakai ba taru, shafin gidanmu zai fita fari.

Kwana uku ina zagaye ƙofar Baba Alhaji. Rana ta huɗu na same shi a rumfarsa, na durƙusa na faɗa masa duka. Ya bar ni har na gama.

"Sani, ni na kai ka lakwal?"

"Kai ne, Baba."

"Don ka zo ka rubuta ma duniya kakanmu kifi ne? Gobe in zauna cikin 'yan kasuwa, yaro shi wuce shi ce ga jikan taru?"

Na ce, "Baba, ban iya rubuta jakan da ba wanda ya gani. Kuma mutanen nan suna nan da ransu, sun san mun daina zuwa."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Wata guda cur in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan shi ne ubana. Amma ban janye ba, don na san abin da kunnena ya ji a unguwa biyu.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai, ya ce in fiddo kaye, littafin rubutuna, da alƙalami.

"Uwata ce ta ba ku labarin. Kana tsammani ni ba ta ba ni ba? Daga bakin tsoho Audu da kansa ta ji shi tana amarya." Ya nuna littafin da yatsa. "Mi ka rubuta a wurin matar?"

Na ce, "Wata mata mai banda."

"Wata mata! Kai da karatunka. Goge. Sunanta Bibata." Ya dube ni ido cikin ido. "Mu Hausawa Habiba muke cewa. Ba ka taɓa tambaya ba don mi ɗiyar fari a gidan ga kullum Bibata ce? Tsohon ne ya bar wasiyya."

Yayarsa Bibata ce. Yayata Bibata ce. Ɗiyata ta fari, da shi da kansa ya raɗa wa suna, Bibata ce. Na riƙe alƙalami na kasa rubutu.

Yanzu na gane dabarar Kaka. Maza sun ɗauki tarihi sun kai zaure, sun yi masa ado har ya daina kama da kansa. Ita kuwa ta ɗauki gaskiyar ta ba yara a matsayin abin dariya, don ta san abin da yaro ya yi wa dariya ba ya manta shi. Shafin gidanmu ya shiga littafi da baki biyu, na Safura da na Alhaji Ummaru. Bai zo ranar da aka karanta shi a bainar jama'a ba, ya ce ƙafarsa na ciwo, ban kuma matsa masa ba.

Washegari na ɗauki ɗiyata a babur muka gangara unguwar masunta. Tsohuwa Safura ta tambayi yarinyar sunanta, ta faɗa. Na ce, "Inna, shi ne sunan da ya ɓace miki." Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zane, ta jawo yarinyar jikinta, tana ta maimaita sunan a hankali.